Shafi Na Sha Huɗu

Ƙarfe tara ta gota a Yaba,
janareton maƙwabta ya fara tari.
Kowa ya kama gabansa, saura ni da kundi,
shafi tamanin da bakwai
kan yadda manhajoji ke zance da juna
a cikin na'ura ɗaya.

Bamidele ne ya rubuta shi shekara huɗu baya,
ya bar mana shi da tabon shayi a bango, ya hau jirgi.
Tun daga nan an sauya bututu,
an toshe ƙofa ɗaya, an fasa biyu,
kundin kuwa yana nan daram
yana kwatancen gidan da aka rushe.

Aikina in bi shi da jan biro.
Inda ya ce "nan take", na sa "cikin daƙiƙa biyu".
Inda ya ce saƙo ba ya ɓata, na yi tsaki,
don ranar Talata guda dubu uku suka yi ɓatan dabo
tsakanin mai karɓar kuɗi da mai buga rasit,
har wata mai tattasai a Oyingbo
ta biya kwando ɗaya sau biyu,
ta kira mu ɓarayi da harsuna uku.

Morenike ta bar mini takarda a gefen allo:
"Rubuta yadda sabon ɗauka zai gane."
To, sabon ɗauka, saurara.
Ka san gidan haya mai ɗaki goma, bayi ɗaya,
makulli rataye a ƙusa?
Wanda ya ɗauka shi ke shiga,
in ya fito ya mayar.
Kada ka zura shi a aljihu ka tafi kasuwa.
Na share babi guda, na sa wannan a madadinsa.

Sai shafi na sha huɗu.
"Mai aikawa ya jira har amsa ta zo."
Iyakar abin da aka rubuta ke nan.
Har yaushe? Bai faɗa ba.
In shi ma na can ɗin jira yake fa?
Na taɓa ganin haka a lungun Obalende,
danfo biyu hanci da hanci,
kowane direba ya kashe mota ya harɗe hannu,
rana na dukan fasinja.
Ba wanda ya lalace, ba wanda ya motsa.
Irin wannan kiki-kaka ba ta da ƙara,
fitilun na'ura duk kore,
ka rantse lafiya lau ake.

Na ɗora biro, hannuna ya tsaya.

Tanimu na mayankar Agege,
jirgin ƙasa ɗaya tsakaninmu.
Wata goma sha ɗaya ke nan
tun maganar kuɗin rufin ɗakin Inna a Malumfashi.
Na ce shi ne ƙarami, shi zai kira.
Ban san me shi ya ce ba,
amma nono ɗaya muka sha, ina iya cankar sa.

Na rubuta:
"Kowane jira a yanka masa wa'adi.
In ya cika, mai jira ya saki abin da ya riƙe
ya sake sallama.
Shiru ba shaidar ƙi ba ne,
wataƙila saƙon bai isa ba."

Na karanta a bayyane, ofis ba kowa.
Ruwa ya sauko kan kwanon masu gyaran waya.
Na lalubo lambar, tana nan ƙasan ta mai kawo gas.
Ta yi ƙara har ta katse.

Sakin layi na gaba, da rubutun Bamidele,
ya ce a gwada sau uku.
Wannan ban taɓa shi ba,
waƙafi kawai na gyara.
Saura biyu,
da shafi saba'in da uku.